Kalmar da Ta Tsaya wa Taju a Maƙoshi

Tsafe,
Litinin, cikin watan Satumba

Zuwa ga ƙanena Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan Kawu Tukur da ke riƙe da kai a Gusau. Mu nan lafiya lau, in ban da zaman kurame da muka shiga tun da aka katse layukan waya a jihar nan. Wayata ta koma tocila da agogo. Jiya 'yata Salma ta ɗauke ta tana fasa gyaɗa da ita, ko tsawa ban yi mata ba.

Ka ga shirinmu ya rushe. Da mun ce kullum bayan la'asar zan kira ka, in zama su masu intabiyu, in yi ta jefa maka tambaya har harshenka ya saba. To babu hali. Sai dai na yi magana da Malam Labbo, direban da ke lodin Gusau a tasharmu, ya ce zai riƙa kai maka takarda yana dawo mini da amsa. Ka riƙa jiran shi a tasha da hantsi, kada ka sa dattijo yawon neman ka.

Taju, wanga aiki naka ne in Allah Ya yarda. Asibiti ne mai zaman kansa, ga reshe a Bungudu kusa da Inna, kuma mai kula da rumbun bayanai suke nema, abin da ka ƙare ƙuruciyarka kana karatu a kai. Takardar gayyatar ta ce tambayoyin za su fi yawa a kan yadda kwamfutoci ke haɗuwa da rumbun. Ni da na tsufa a ofishin bayanan marasa lafiya na san irin abin da suke so, don haka buɗe kunnenka.

A ce wata ma'aikaciya ta zo tana kuka manhajarta ta ƙi shiga rumbun, alhali ta kusa da ita tana aiki lafiya. Ta ina za ka fara? Sannan ka faɗa mini aikin lisina, da yadda za ka gane ko yana raye. In ka gama, me ya sa ake buɗe layuka a ajiye, maimakon a buɗa wa kowa sabo in ya zo?

Na san ka sani. Ba kanka nake tsoro ba, bakinka nake tsoro. In'inar nan taka ita ta kayar da kai a intabiyun Kaduna bara, kuma ba na so a sake. Duk kalmar da ka ji za ta maƙale, ka kewaye ta ka ɗauko 'yar'uwarta. Ka riƙa buga ɗan yatsa a gwiwa yadda na koya maka.

Ka gaida Kawu da iyali. Ka ci abinci, na san halinka.

Yayarka,
Asiya

*

Gusau,
Laraba

Zuwa ga Yaya Asiya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baban Salma, a shafa mini kan Salma. Takardarki ta iso. Malam Labbo ya miƙo mini ita da gyaɗar da kika haɗo, ya ce wai ya ɗan rage mata nauyi a hanya saboda mota.

Ga amsoshinki. Tunda ta kusa da ita tana shiga, rumbun lafiyarsa ƙalau, matsalar tana teburin mai kukan. Zan fara da abin da ido ke gani, wato wayar da ke bayan kwamfutarta. In tana nan daram, sai in aika ɗan saƙon gwaji zuwa saba, babbar kwamfutar da rumbun ke ciki, in ga ko zai dawo. In ya dawo, sai in duba abin da aka rubuta mata: adireshin sabar, lambar ƙofa, da sunan rumbun. Harafi ɗaya ya karkace, an gama. Daga nan sai direba. Ba Malam Labbo ba, ƙaramar manhajar nan da ke tafinta tsakanin kwamfuta da rumbu, don in ta tsufa sai su kasa jin yaren juna. Ƙarshe in duba ko an kulle sunanta saboda ta yi ta kuskuren kalmar sirri.

Lisina kuwa shi ne mai zaman zaure. Yana ƙofa yana sauraro, duk wanda ya yi sallama ya amsa, ya shigar da shi. Zan tambayi sabar halin da yake ciki, ko in ƙwanƙwasa ƙofar da kaina daga wata kwamfutar. Layukan ajiya kuma, saboda buɗe sabo yana cin lokaci, sai an gaisa an tantance kai wane ne. Gara a buɗe kaɗan a riƙa ara ana mayarwa. Illarsu ɗaya, in masu ara ba sa mayarwa sai a wayi gari babu ko ɗaya.

Kin gani, a takarda ni sarki ne.

Amma Yaya, akwai abin da ba ki lura ba. Da Turanci za a yi, kuma kalmar da za a yi ta juyawa daga farko har ƙarshe ita ce konekshan, wato haɗuwar kwamfuta da rumbu. Ita ce kuwa ta fi ƙarfina. Da na zo kanta sai maƙoshina ya rufe, ko, ko, ko, kamar kaza ta ga shaho. A kanta aka yi mini dariya a Kaduna. Ɗaya daga cikin masu intabiyun ya ce ko a kawo mini ruwa, ɗayan ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa gaya miki wannan ɓangaren ba, na ce miki dai ban ci ba.

Na gwada kewaye ta kamar yadda kika ce. Ba ta kewayuwa. Tamkar a ce mutum ya yi bayanin tuwo kada ya ambaci gari. Jiya na tsaya gaban madubin Kawu ina fama da ita har gumi ya jiƙa mini riga, matar Kawu ta leƙo a firgice ta ɗauka ƙashi ne ya maƙale mini.

Gaskiya zuciyata ta karaya. Ina tunanin kada ma in je. Shagon gyaran wayar da nake taimakawa bai kore ni ba, duk da yanzu ba mai kawo gyara.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Tajuddeen

*

Tsafe,
Alhamis

Taju,

Salamu alaikum, ina gajiya. Gaisuwar ke nan, don ka ba ni haushi.

Kada ka je? Kai, wallahi da kana kusa da sai na ja kunnen nan naka. Amsoshin da ka rubuto, ni kaina sai da na ƙaru, ban taɓa tunanin kulle suna ba sai an gama wahala. Mutum yana da wannan a ka, sannan ya koma zaman shago yana kore ƙuda saboda kalma ɗaya? Su kuma na Kaduna, Allah Ya isa. Na yi kuka da na karanta, ban ɓoye maka ba. Me ya sa ka riƙe wannan kai kaɗai shekara guda?

To ga abin da na yanke. Baban Salma ya san manajan asibitin, tare suka yi makaranta. Ranar intabiyun zan biyo Malam Labbo da sassafe, in riga ka shiga, in yi musu bayanin lalurarka. Zan roƙe su su ba ka takarda ka rubuta amsa. In sun ƙi, su bar ni in zauna a gefenka, duk inda ka tsaya in ɗora. Ai ba yau na fara ba. Tun kana ɗan mitsitsi ni ke sayo maka ƙosai in ka kasa faɗin na nawa, ni ke amsa wa malami in ya tambayi sunanka. Kafin ka buɗe baki na san abin da za ka ce.

Kafin nan ka tafi Bungudu ka kwana biyu wurin Inna. Rabon da ta ji muryar ɗayanmu tun da aka katse waya, na san hankalinta ba a kwance yake ba. Ka roƙi addu'arta, ka ci tuwonta, ka dawo da ƙarfinka. Ka shiga mota da rana tsaka, ban da tafiyar yamma.

Kada ka ƙara rubuto mini zancen fasawa.

Yayarka da ba ta gajiya da kai,
Asiya

*

Bungudu,
Lahadi

Zuwa ga Yayata Asiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya ke da iyali. Daga ɗakin Inna nake rubuto miki, wani maƙwabcinmu zai kai wa Malam Labbo a Gusau. Inna tana gaishe ki, ta ce a gaya miki ƙafar ta yi sauƙi, kuma gero ya yi kyau bana a gonar bayan gari. Da ta gan ni sai da ta zauna a ƙasa don murna.

Bari in ba ki labarin jiya. Bayan azahar tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale, sai ta ce, "Auta, wai wane irin aiki ne wanga da Asiya ta hana ka barci a kansa?" Na ce ba za ta gane ba. Ta ce, "Kunnena dai ba a toshe yake ba. Faɗi."

Sai na fara da Hausa. Na ce akwai rumbu, amma ba na dawa ba, na sunayen marasa lafiya da magungunansu. Na ce akwai mai sauraro a ƙofa dare da rana. Ta ce, "Shi wanga mai sauraro, ba ya tashi ko salla?" Na ce ba mutum ba ne. Ta ce, "To, Allah Ya ba shi lada duk da haka." Na yi dariya har na ƙware.

Ina cikin bayani sai ga kalmar nan ta taso, don babu yadda zan yi in tsallake ta. Na tsaya cak. Ko, ko, ko. Jijiyar wuyana ta miƙe, idona ya kawo ruwa. Yaya, kin san abin da Inna ta yi? Ba ta yi komai ba. Ba ta ɗago ta dube ni da tausayi ba, ba ta ce in sha ruwa ba. Tsinkar zogalenta kawai take yi. Akuya ta zo ta sa baki a tire, ta kore ta, ta ci gaba. Ita ba ta san kalmar ba balle ta taya ni. Na daɗe a wurin, na daɗe ƙwarai. Can sai kalmar ta fito, cikakkiya, da kanta. Inna ta ce, "Uhm, sai aka yi yaya?" Na ci gaba. Kafin la'asar na faɗe ta ya fi a ƙirga, wani lokaci da wuya, wani lokaci sumul.

Da na shiga ɗaki sai na rasa abin da ya sa hawaye ke zubo mini. Daga baya na gane. Ban san cewa in aka ƙyale ni tana fitowa ba. Ban taɓa kaiwa ƙarshenta ba, kullum kafin in kai wani ya kai ni.

Yanzu ga maganar da ta fi mini kalmar nan nauyi. Don Allah Yaya kada ki zo. Kada ki ga manaja, kada ki roƙa mini takarda. Duk duniya ba wanda ya tsaya mini kamar ke, na sani, kuma ina son ki fiye da yadda alƙalami zai iya faɗa. Amma tun ina yaro, da na tsaya sai ki ƙarasa. Sau da yawa daidai kike faɗa. Wani lokaci kuma ba abin da zan ce ba ke nan, sai in gyaɗa kai kawai don kin riga kin wuce. Ƙosan nan da kike tunawa, ni wainar gefe nake nunawa.

Tun da aka katse waya muka koma takarda, wannan ne karo na farko da nake yi miki magana har in kai aya. Ba na so layi ya dawo mu koma yadda muke.

In sun ɗauke ni, da bakin nan zan yi aiki. In rumbu ya tsaya ana layin magani, ba ki nan, ni zan yi bayani. Gara su ji shi tun yanzu.

Ki yi haƙuri in na ɓata miki. 

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Taju

*

Tsafe,
Laraba

Tajuddeen,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna in kana can, in ka koma Gusau ina gaida Kawu.

Malam Labbo ya zo jiya da shekaranjiya yana tambayar amsa, na ce babu. Fushi nake yi. Ni da na yi dambe da yaran layinmu kaf saboda kai, har yau ga tabon a goshina, ni za a ce wa kada in zo? Na gaya wa Baban Salma ina jiran ya taya ni faɗa, sai ya buɗe baki zai yi magana, na ce na san abin da za ka ce. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ɗauki butarsa ya fita. Wannan ya fi takardarka ƙona mini rai.

Ban ce na yarda da duk abin da ka rubuta ba. Kuma zancen waina, da ka yi magana ai da an saya maka.

Amma ba zan zo ba. Na gaya wa Baban Salma kada ya je wurin manaja. Ranar zan ɗauki azumi, iyakar abin da zan yi ke nan, wannan kuma ba ka isa ka hana ni ba.

Ga tambaya ta ƙarshe, don kusan kullum sai sun yi ta. Kwamfuta ta nemi rumbu, ta jira, ta jira, sai ta ce lokacin jira ya ƙare ta katse. Me ke kawo haka, kuma ƙara lokacin jiran magani ne ko ba magani ba? Kada ka rubuto mini amsa. Ka riƙe ta a bakinka.

Ka sa farar shaddar nan, ba mai ruwan toka ba. Allah Ya buɗa maka, ƙanena. Ina jin tsoro ƙwarai, gara in faɗa maka.

Yayarka,
Asiya

*

Gusau,
Talata

Zuwa ga Yaya Asiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina kuma yi miki sannu da azumin jiya. An yi intabiyu.

Mu da yawa ne a barandar asibitin, kowa na ta haddar amsoshi kamar masu shirin musabaƙa. Aka kira ni, na shiga. Mutum uku ne a ciki: manaja, da wani matashi mai tabarau, da wata Hajiya wadda ita ce shugabar sashen kwamfuta. Na yi sallama, na zauna. Kafin su ce komai na ce ina da roƙo. Na ce, "Ina da in'ina. Amsar tana nan, a hanya take ɗan daɗewa. Ku ƙara mini lokacin jira kafin ku katse."

Wannan maganar kanta sai da ta ci lokaci. Hajiyar ta yi dariya, amma ba irin ta Kaduna ba, dariyar wanda ya gane zancen gida. Ta ce, "An ƙara. Amma ka san ƙarin ba magani ba ne." Na ce na sani, ba ya gyara komai, sai dai yana nuna maka ko amsa tana tafe ko babu kowa a can. Ta ɗauki biro ta yi rubutu. Kin ga tambayarki ta fito tun ba a yi ta ba.

Sun tambayi lisina, sun tambayi lambar ƙofa, sun tambayi katangar tsaro da ke tare baƙin saƙo. Sai kalmar ta zo. Ta maƙale, Yaya, ta maƙale sosai, fiye da na gaban Inna. Fanka na juyawa, ina jin gumi na bin bayana. Mai tabarau ya buɗe baki zai faɗa mini ita, da kyakkyawar niyya. Ban san lokacin da na ɗaga masa hannu ba. Ya fasa. Suka jira. Ta fito.

Daga nan Hajiya ta ajiye takardar tambayoyi ta ce za ta ba ni matsalar gaske. Reshensu na Bungudu ya daina ganin rumbun Gusau, an duba saba an duba komai lafiya. Na ce tun yaushe? Ta ce tun farkon watan nan. Na ce da me reshen ke haɗuwa da nan? Ta ce da ɗan akwatin nan mai layin waya. Na ce to ba rumbun ba ne, abin da ya raba ni da yayata ne ya raba su. Manaja ya yi dariya har da buga tebur. Ashe sun sani, so suke su ga wa zai yi tambaya kafin ya kama gyara. Na ce a ajiye ƙaramin rumbu a Bungudu su riƙa aiki da shi, a riƙa daidaita su in hanya ta samu. Mun daɗe a kan wannan, na ma manta ina in'ina, ko da yake ita ba ta manta da ni ba.

Bayan la'asar suka sake kira na ciki ni kaɗai, suka faɗa mini abin da suka yanke.

Ba zan rubuta shi ba. Ranar Juma'a zan tafi Bungudu wurin Inna. Ki zo can in faɗa miki da bakina. Zai iya ɗaukar lokaci.

Ƙanenki,
Tajuddeen

*

Tsafe,
Laraba

Taju,

Wa alaikumus salam, ɗan Inna.

Malam Labbo ya sauko daga mota haƙoransa duk a waje, tun daga nesa yana cewa, "Hajiya, albishirinki!" Na toshe kunnuwana a tsakiyar tasha, na ce wallahi in ya ƙara kalma ɗaya na daina shiga motarsa. Mutane suna ta kallo na kamar sabon kamu.

Ban ji komai ba. Ban san komai ba.

Ina nan tafe ranar Juma'a da motar farko. Na gaya wa Baban Salma kada ya sa ran dawowata a ranar. Ka ce wa Inna ta ajiye mini zogalen, ni zan tsinke.

Yayarka,
Asiya